Daren da jirgin Inna ya sauka Kano maimakon Yamai

Hadarin ya iso Maradi gab da magariba. Tun la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin ta wajen Agye da Tasawa, iska ta ɗauke ɗif, gumi ya dame kowa, awaki suka riƙa shigewa ƙarƙashin rumfuna. Sai ga jan bango na ƙura ya taso yana haɗiye itatuwan bedi na bakin titi ɗaya bayan ɗaya. Kafin mata su gama kwashe shanya, iska ta fizge kwano biyu daga rufin maƙwabcinmu a unguwar Zariya, wuta ta ɗauke, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ba a cika awa guda ba ƙarfinsa ya yi yamma, ya bar mu da yayyafi da cida.

A gidanmu ranar hankalin kowa yana kan hanyar Makka. Inna tana dawowa daga aikin hajji, cikin shekarun nan da hajji ya faɗo tsakiyar damina. An ce jirginsu zai tashi daga Jidda da tsakar dare agogon can, ƙarfe 10 ke nan a nan, ya sauka Yamai wajen 3 da rabi na asuba. Ƙanena ya riga ya tafi Yamai tarbarta. Ni na tsaya gida tare da Kawu, ƙanen Inna, wanda ya yi karatu a makarantar koyon aikin jiragen sama da yanayi ta EAMAC da ke Yamai, ya daɗe yana aikin ba jirage hanya har ya yi ritaya ya dawo gida. Da ruwa ya tsagaita ya fito tsakar gida ya dubi yamma, ya tambaye ni ƙarfe nawa iska ta buga. Na ce shida ta ɗan gota. Ya yi shiru yana ƙirga da yatsu.

"Ɗana," ya ce, "da wannan hadarin da jirgin su Yaya tare za su isa Yamai."

Haka kuwa ya kusa faruwa. Abin da ya hana shi ne nake so in rattaba, daki-daki, domin mun sha tsine wa jinkirin jirgi ba tare da mun san abin da ke gudana a saman kanmu ba.

Lissafin da ya yi

Irin hadarin da muke samu a damina jeri ne. Manyan gizagizai ne suke haɗa kafaɗa daga arewa zuwa kudu, tsawon ɗaruruwan kilomita, su tafi yamma tare kamar sahun mahaya. Galibi da rana suke haihuwa, a kan tuddai irin duwatsun Azbin ko tsaunukan Jos, inda ƙasa ke saurin ɗaukar zafi, sannan su kama hanya da gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa. Mafi yawan ruwan da geronmu ke sha daga gare su yake, shi ya sa manomi ke murna da ganin gabas ta haɗe. Tsakanin Maradi da Yamai a miƙe, ban da kwane-kwanen titi, kilomita 540 ne ko kusa. A raba da gudun hadarin, awa tara zuwa kusan sha ɗaya. Shida na yamma a ƙara mata awa tara da rabi, 3 da rabi na asuba ke nan. Ba banza ba mutanen Yamai suka saba da ruwan asuba: hadarin da ya tashi a gabas da rana ne yake isa gare su a lokacin.

Na ce masa ai jirgi sama yake bi, ba sai ya haye ta kansa ba? Ya girgiza kai. Ƙoƙon irin wannan girgije yakan wuce kilomita 15, kusan ƙafa 50,000, jiragen fasinja kuwa tsakanin ƙafa 30,000 da 41,000 suke tafiya. A cikinsa akwai iskar da ke cilla abu sama, da wadda ke dankara shi ƙasa, ga ƙanƙara, ga aradu. Shawarar da ake ba matuƙa ita ce su bar aƙalla mil 20 na teku, kimanin kilomita 37, tsakaninsu da hadari mai ƙarfi. A kusa da ƙasa kuma mugun abu shi ne iskar da ke zubowa daga gindin girgije ta bazu ko'ina, ta juya wa jirgi farat ɗaya daidai lokacin da ba shi da tsayi ba shi da gudu. Ita ce ta fizge kwanon maƙwabcinmu. Irinta ce ta samu jirgin ADC da ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato ranar 29 ga Oktoba 2006, ya faɗi jim kaɗan da tashi, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. Duk Bahaushen da ya mallaki hankalinsa a lokacin yana tuna wannan rana.

Sama mai masu ita

Wanda ya ɗaga kai a Maradi zai ga sarari fayau, ya ɗauka jirgi yana bin inda ya ga dama. A gaskiya an yanka saman kamar gonaki, kowace da mai tsaronta. Wadda ke kanmu tana hannun cibiyar Yamai, ta hukumar ASECNA mai ba jirage hanya a ƙasashen Afirka da dama, wadda aka kafa a Senegal ranar 12 ga Disamba 1959, hedikwatarta a Dakar, tana kula da sarari mai faɗin fiye da murabba'in kilomita miliyan 16. Gabashin Nijar yana hannun cibiyar Injamena, ita ma ta ASECNA. Da an tsallake Ɗan Isa aka nufi Jibiya kuwa an shiga yankin Kano, na hukumar NAMA mai wannan aiki a Najeriya. Jirgi mai gudun kilomita 850 a awa yana cin kilomita 14 a minti guda, don haka daga saman Maradi zuwa kan iyaka minti uku ne ko huɗu. Matuƙin da ya kauce wa hadari ta kudu, kafin ya gama magana ya shiga gonar wani.

Filin jirginmu ba ya cika, ko bayan gyaran da aka yi masa lokacin bikin Maradi Kwalliya a 2015. Amma saman ƙasar nan babbar hanya ce, musamman da dare. Jiragen Legas, Abuja, Kwatano da Lome masu zuwa Turai da dare suke tashi. Na Afirka ta Kudu suna iso mu bayan tsakar dare. Waɗanda suka taso daga Turai zuwa kudu su ma a wannan tsakanin suke gangarowa daga Sahara. An ga nauyin wannan hanya lokacin da aka rufe samaniyar Nijar daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Satumba 2023, manyan jirage suka koma yin dogon zagaye. A lokacin hajji kuma sai ga wani ayarin ya ratso daga gabas zuwa yamma, yana gitta wa duk waɗancan.

Abin da ke raba su shi ne hawa, kamar na bene. Tun 25 ga Satumba 2008 aka rage tazarar tsayi a Afirka zuwa ƙafa 1,000 tsakanin ƙafa 29,000 da 41,000, hawa bakwai na da suka zama 13. Mai fuskantar gabas yana ɗaukar mara, 33,000, 35,000, 37,000. Mai fuskantar yamma yana ɗaukar cika, 34,000, 36,000, 38,000. Sai dai babban jirgi da ya sha mai ya cika da kaya ba ya iya hawa can ƙoli, ƙasa-ƙasa kuma yana cin mai, saboda haka kowa hawa huɗu ko biyar na tsakiya yake nema.

Tsakar dare

Muka shimfiɗa tabarma a inda ƙasa ta ɗan tsane, uwargida ta kawo shayi, Kawu ya kunna fitilarsa mai cajin rana. A wayata na buɗe Flightradar24, manhajar da ke nuna inda jirage suke a sama, a tasa ya buɗe hoton tauraron ɗan adam na Meteosat, wanda ke sabuntawa kowane minti 15. Ƙarfe 10 da 'yan mintoci jirgin su Inna ya bayyana a kan Bahar Maliya. Wajen sha biyu hoton ya nuna jerin hadarin ya wuce Birnin Ƙonni ya kai Dogon Dutsi, kansa a arewa da Tawa, wutsiyarsa ta gangara ƙasar Kabi. A bayansa, ta gefenmu, wani faffaɗan mayafin girgije yana biye da shi.

Kawu ya ɗauki tsinken tsintsiya ya ja layi a jiƙaƙƙen rairayi daga sama zuwa ƙasa. Ya ɗiga Maradi a dama, Yamai a hagu. Ya ja wasu layuka uku, hanyoyin jirage, daga kudu zuwa arewa, ɗaya a kan layin hadarin, ɗaya kusa da shi, ɗaya ta wajenmu. Sannan ya sa tafin hannu ya share biyun farko, ya karkato da su duka kan na ukun.

"Ka gani? Sama ba ta rufe ba, ƙofa ce ta ƙuntata. Kowa kuma ƙofar nan guda yake so."

Abin da waya ke nunawa ke nan. Jiragen da suka taso daga bakin teku, maimakon su miƙe arewa ta wajen Yamai, sai suka riƙa lanƙwasowa gabas, suna bi ta bayan mayafin, suna haɗuwa da na Abuja. Girgije ya fara yayewa a kanmu, muka ga fitilunsu ja da fari suna ƙyaftawa, ƙararsu tana zuwa can baya kamar cida mai nisa. Ban taɓa ganin jirage sun jeru a saman Maradi kamar daren nan ba.

Ya yi mini lissafin ƙofar. A zamaninsa mafi yawan wannan sarari babu rada. Mai ba da hanya yana zaune da 'yan siraran takardu, kowace jirgi guda, matuƙi yana faɗa masa ta rediyo: na wuce wuri kaza ƙarfe kaza, zan kai wuri kaza ƙarfe kaza. A irin wannan aiki ƙa'idar da aka saba ita ce minti 10 tsakanin jirage biyu da ke hanya ɗaya a hawa ɗaya, kilomita 140 ke nan. Hawa guda jirage shida yake ɗauka a awa. Idan hanyoyi uku suka narke suka zama ɗaya, abin da sarari ke iya ɗauka ya koma kashi ɗaya cikin uku, jiragen kuwa ba su ragu ba. In matuƙa suka fara kukan jijjiga mai tsanani, ana iya dakatar da tazarar ƙafa 1,000 a koma 2,000, hawa ya sake raguwa da kusan rabi. Yanzu ASECNA tana karɓar matsayin jirage ta tauraron ɗan adam, mai ba da hanya yana ganinsu a allo, tazarar tana iya raguwa sosai. Amma allo bai ƙara wa mutum kunne ko baki ba. Jirgin da ke kan hanyarsa magana biyu ko uku yake buƙata daga shiga zuwa fita. Wanda ke kauce wa hadari kuwa zai nemi mil 20 dama, ya dawo ya nemi 40, ya nemi sauya hawa, kowace buƙata sai an auna ta da na kusa da shi. Ga kuma waya: kowane jirgi ana miƙa shi ga cibiyar maƙwabta a wuri, lokaci da hawan da aka shirya. Wanda ya kauce zai ɓullo inda ba a shirya ba, sai Yamai ta kira Kano, Kano ta kira Injamena, a sake yanka magana jirgi-jirgi. Domin ko-ta-kwana, matuƙa a Afirka suna da tashar rediyo ta 126.9 da suke shelanta wa juna inda suke, kuma an yarda su ɗan goce dama da tsakiyar hanya har mil 2, don kada biyu su yi karo a kan zare ɗaya.

Can na lura jiragen kudu sun daina fitowa a cunkushe. Suna zuwa ɗaya, a ɗan jima, sannan wani. Kawu ya ce an sa musu tazara. Cibiyar da ta ga ƙofarta ta cika takan gaya wa maƙwabciya: kada ki turo mini fiye da ɗaya a kowane minti kaza ta wannan mashiga. Maƙwabciya ta mayar da maganar baya zuwa hasumiyar filin jirgi, hasumiya ta hana tayar da inji. Fasinja a Legas yana zaune yana duban sama tas babu ko ɗigon ruwa, yana mita an tsare shi, alhali abin da ya tsare shi yana Dogon Dutsi. Wannan shi ne zuciyar aikin, a ganina. Jiran nan babu makawa sai an yi shi. Abin da masu aikin ke zaɓa shi ne inda za a yi shi, kuma jirgin da ke ƙasa da inji a kashe ba ya ƙona mai, ba ya cin hawa, ba ya cika rediyo. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ƙarfe biyu

Jirgin su Inna ya riga ya tashi, don haka wannan mafita ta wuce shi. Tafiyar kusan kilomita 4,000 ce, ya ratsa Sudan da Cadi, hanyarsa za ta bi ta arewa da mu kaɗan. Wajen ƙarfe 2 yana arewa da Tafkin Cadi, saura awa ɗaya da rabi. Hadarin kuwa ya doshi Doso. Kawu ya ce a wannan lokaci matuƙin yana da komai a hannunsa: gargaɗin SIGMET, wanda ake fitarwa kan hadari mai ƙarfi kuma ba ya wuce awa huɗu, da hasashen filin Yamai, da rahotannin tashoshin da hadarin ya riga ya taka. A nan ne ya ɗaga yatsa ya nuna wajen filin jirginmu. Ma'aikacin meteyo da ya fita cikin ƙura da magariba ya rubuta lokacin da iska ta buga, ƙarfinta, da nisan da ido ke gani, da rahotonsa da na Damagaram da na Ƙonni ake gane gudun hadari a ƙasa, a san lokacin da zai ƙwanƙwasa ƙofar Yamai.

Hanyoyin da ke gaban matuƙin ba su da yawa. Zai iya neman kafa a cikin jerin ya kutsa. Radar da ke hancin jirgi ɗigon ruwa take gani. Hadari mai kauri yakan tare ta, abin da ke bayansa ya fito a allo kamar fili, ga shi ba ta cika ganin busassun ƙwayoyin ƙanƙara da ke cikin mayafin sama ba. Kawu ya daɗe a kan wannan, muryarsa ta sauya. Ranar 24 ga Yuli 2014 jirgin Air Algérie mai lamba 5017 ya tashi daga Wagadugu da dare zuwa babban birnin Aljeriya. Matuƙan sun kauce wa hadari, suna ƙafa 31,000. Ƙanƙara ta toshe ma'aunan matsin injin, ba a kunna na'urar narkar da ita ba, ma'aunan suka ba da ƙarya, injin ya rage ƙarfi, gudu ya zube, jirgin ya faɗi kusa da Gosi a Mali kimanin rabin awa da tashi. Mutum 116, babu wanda ya tsira. A sararin da cibiyar Yamai ke tsaro abin ya faru, kuma a gefen hadari ne, ba a tsakiyarsa ba.

Zai iya kuma ci gaba ya je ya yi ta kewaye a gabas da Yamai har hadari ya wuce. Doka ta tilasta wa jirgi ɗaukar man da zai kai shi inda za shi, da na zuwa filin ko-ta-kwana, da ragowar minti 30 da ba a taɓawa. Duk minti na kewaye daga rarar da ke saman wannan ake cire shi, kuma wurin kewayen yana cikin mayafin nan mai ƙanƙara. In ruwa ya daɗe, ko wasu jirage suka riga shi layi, zai ƙare da karkata duk da haka, da tanki mai sauƙi da zaɓi kaɗan. Wagadugu tana kusa da Yamai, kilomita 400 da 'yan kai, amma tana gaban hadarin: sai ya tsallake jerin ya je, in ya tashi dawowa ya sake tsallake shi.

Muna kallo ɗan hoton jirgin ya juya hanci kudu maso yamma. Gabana ya faɗi.

"Kawu, lafiya? Ina za shi?"

"Kwantar da hankalinka. Kano za shi. Ya zaɓi filin da hadari ya riga ya bari a baya."

Hukuncin na matuƙi ne, shi doka ta ba. Mai ba da hanya bayani yake bayarwa, ya buɗe hanya. Amma buɗe ta a daren nan aiki ne, domin jirgin zai gangaro daga hawansa ya ratsa ta cikin ayarin da hadari ya turo gabas, Injamena ta miƙa shi ga Kano ba tare da an shirya zuwansa ba. Mun ga ya sauko da wuri, tun yana nesa, ya bi ta ƙarƙashinsu. Ƙarfe 3 ya sauka. Rabin awa bayan haka ƙanena ya kira daga Yamai, da ƙyar nake jin muryarsa saboda iska, ya ce ƙura ta rufe filin jirgi, mutane suna gudu suna neman mafaka.

Abin da ya yi kyau da abin da bai yi ba

Da gari ya waye jirgin ya tashi daga Kano wajen ƙarfe 6, ya sauka Yamai bayan 7, titin jirgi a jiƙe, iska ta kwanta. Jinkirin bai kai awa huɗu ba. Wani jirgin alhazai da ya kamata ya biyo bayansu mun ga bai bar Jidda ba sai da asuba, ya iso cikin rana tas.

Ban da ja a kan hukuncin matuƙin. Ya yanke shi yana da sauran mai, yana da sauran zaɓi, kuma ya cire jirgi guda daga wurin da ya fi cunkoso. Amma an biya kuɗinsa. Kamfani ya biya ƙarin mai da kuɗin sauka. Ma'aikatan jirgi suna da iyakar awannin aiki, da zaman Kano ya ƙara tsawo da sai an nemo wasu ko a kwana. Tsofaffi kuma, da yawansu da tarin da ake dawowa da shi daga Makka, ƙafafu a kumbure, sun yi awa uku a kujera ba a buɗe musu ƙofa ba. Abin da ya fi yi mini ciwo, Kano ta fi Yamai kusa da gida nesa ba kusa ba: ta Katsina da Jibiya kafin azahar Inna tana ɗakinta. Kawu ya fahimtar da ni cewa saukar dole ce, ba a shirya jami'an shige da fice ko sauke kaya ba, kuma ba a barin fasinja ya sauka kayansa su wuce. Na karɓi wannan.

Wanda ban karɓa ba shi ne shirun. Iyalai sun cika filin jirgin Yamai, wasu daga Dakwaro, wasu daga Mayahi, babu wanda ya fito daga kamfanin ya ce musu jirgi yana Kano lafiya. Lokacin sauka ya wuce, hadari yana kaɗawa, sai jita-jita ta fara yawo a WhatsApp. Ƙanena ya ce ya ga wata dattijuwa ta zube tana salati, shi ne ya nuna mata wayarsa, ya ce mata Baba ki yi haƙuri, ga shi can a ƙasa. Magana guda a lasifika da ta wadatar.

Akwai kuma tambayar da ta fi wannan girma. Hadarin ya buga Maradi awa huɗu kafin jirgin ya bar Jidda. Lissafin da Kawu ya yi da yatsu a tsakar gida, me ya hana a yi shi a tsayar da jirgin can, tsofaffi su jira a zaure mai sanyi da banɗaki da wurin salla? A Turai akwai cibiya guda ta Eurocontrol a Burussel da ke ganin shirin tafiyar kowane jirgi, ta san abin da kowane yanki zai iya ɗauka. In hadari ya rage wa wani yanki ƙarfi, sai ta yanka wa jirage lokacin tashi tun suna ƙasa, da rangwamen minti 5 kafin da 10 bayan. Amurka tana da irinta a jihar Bajiniya. A nan yawancin nauyin yana kan waya tsakanin cibiya da cibiya, kowa yana kare ƙofarsa, labari yana komawa baya taki-taki, ba ya kai wa Jidda da wuri.

Kawu bai ba ni gaskiya duka ba. Ya ce hadari ba alƙawari ba ne. Sau da yawa jeri yakan mutu a hanya cikin dare, ko ya goce kudu, Yamai ba ta ga ko ɗigo ba. In ana tsayar da jirgi duk lokacin da Maradi ta sha ruwa, a watan marka babu mai tafiya. Ga shi a lokacin hajji filin Jidda a cike yake, wanda ya saki layinsa yana iya rasa yini. Shi ya sa kamfanoni suka fi son su ƙara mai su tashi, su yanke hukunci a hanya. Na ga ƙarfin hujjarsa. Duk da haka ina nan a kan cewa Yamai, Kano da Injamena suna buƙatar tebur guda a watannin damina, mutum ɗaya daga kowace cibiya da masanin yanayi a gefensu, su dubi hoto ɗaya tun magariba, su raba ƙofa kafin jirage su taru a bakinta. Masana ba su yi mana ƙaranci ba. A Yamai kaɗai ga EAMAC, ga cibiyoyin nazarin yanayi na ACMAD da AGRHYMET. Jirgi na biyu da ya jira a Jidda ya nuna ana iyawa in labari ya isa a kan lokaci.

Inna ta iso Maradi bayan isha'i, ta sha titin kilomita fiye da 600 a bas, galan ɗin zamzam a kan cinyarta. Bayan an gama guɗa da gaishe-gaishe, Kawu ya matso ya durƙusa gabanta.

"Yaya, me kuka gani a sama?"

Ta ce tana kujerar taga ta hannun dama. Tun kafin jirgi ya juya take hango walƙiya can gaba, daga wannan gefe zuwa wancan, ba ta ɗaukewa, kamar an kunna wa daji wuta. Matuƙi ya yi magana, wani yaro ya fassara musu da Hausa cewa hadari ya tare hanya, za a sauka Kano a jira. Ta ce sai ta ciro carbinta. Da suka tashi da safe ta leƙa ƙasa ta ga gulabe sun cika, gonaki sun yi shar, ta tambayi na kusa da ita ko ta nan ne Maradi. Sannan ta juyo gare ni ta tambaya ko ruwan jiya ya kai gonarmu ta hanyar Tibiri.